Faifan da Ya Hana Inna Waƙa

Gozaki,
ta Malumfashi.

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa ta uba, da fatan wannan takarda ta same ki kin sauka Zariya lafiya, ke da kayanki. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da maƙwabta masu mutunci, ya ba ki kan karatu, ya raba ki da duk abin da zai sa mamanki kuka. Labarin gida ba zan ba ki ba, jiya kika bar shi, babu abin da ya canza.

Na cusa wasiƙar nan a cikin kwalin kwamfuta ne don na san nan za ki fara buɗewa. Ranar da muke ɗaure kaya kin leƙa cikinta, kin ga faifan ajiya yana reto a jikin robar tayar keke, kika yi dariya har da riƙe ciki. Na ji kina ce wa mamanki da kin isa za ki kai a cire wannan tarkacen na Baba a ɗaure shi da noti kamar na mutane. Na yi kamar ban ji ba, amma raina ya sosu. Kada ki bari kowa ya taɓa robar nan sai kin karanta wannan har ƙarshe. Kina makarantar kwana lokacin da aka yi abin, shi ya sa ba ki san wahalar da ke jikinta ba.

Kin dai san bayan na ajiye aikin koyarwa na sayo kwamfutar nan ta hannu a Funtua, don in riƙa ɗaukar waƙoƙin zumuntar mata. Wannan aiki bai taɓa ba ni wuya ba. Matan majami'armu idan suka ɗaga murya, ga tulu ga tafi, ko babur aka tayar a ɗakin ba za a ji shi ba. Na ɗauka na gama ƙwarewa, har ina gyara wa mutane tsayuwa a gaban makirufo.

Sai na ɗora ido kan Inna, kakarki. Waƙoƙin niƙa da na daɓe da take yi tun ina goye, na duba garin nan kaf ban ga wadda ta rage da su ba sai ita. Injin niƙa ya shigo ya kori dutse, siminti ya kori daɓe, waƙoƙin suka bi su. Ga shi numfashinta ya fara gajarta, in ta yi magana mai tsawo sai ta tsaya ta huta. Na yi ta lallashinta tana ce mini, "Kai Ishaya, wa zai saurari tsohuwa tana gurnani?" Da ƙyar ta yarda, amma da sharaɗi biyu: sai dawa ta shiga rumbu, kuma sai an fito mata da dutsenta, don ita ba ta san yadda ake waƙar niƙa hannu na zaune ba.

Dawa ta shiga rumbu. Na tono dutsen daga bayan ɗaki inda kaji suka mai da shi wurin hutawa, mamanki ta wanke shi, muka kai shi ɗakina. Na kafa makirufo, na kunna kwamfuta a kan teburin nan nawa mai aljihu, Inna ta durƙusa ta fara. Ni da na zo ɗaukar murya, sai ga ni ina share hawaye. Ta yi waƙa uku ko huɗu, ta gaji, na ce a tsaya in kunna mata ta ji kanta.

Rifkatu, da na kunna, sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A ƙarƙashin muryarta akwai wani gunji mara yankewa, wuuu, sannan can a sama wani ƙaras-ƙaras yana zuwa yana tafiya. Inna ta karkata kunne ta ce, "Wace ce ke niƙa a bayana?"

Na ce, "Ba kowa, Inna. Injin ne."

Ta ce, "To tunda ya iya, shi ya rera maka. Tun ina budurwa ban taɓa yarda wata ta sa mini baki a waƙa ba, ba zan fara da gwangwani ba. Ranar da ka koya masa ladabi ka zo ka kira ni." Ta karkaɗe zanenta ta fita, ta bar ni da gari a kan dutse.

Kuskurena na farko ke nan, kuma na ganganci ne. Na kira tsohuwa mai guntun numfashi ban fara sauraren ɗakin ba. Kunnena ya saba da gunjin har ya daina jin sa, shi kuwa makirufo ba ya sabawa da komai. Don haka duk ranar da za ki ɗauki muryar wani, kafin ki ce masa ya zauna, ki rufe ƙofa ki ɗauki ɗakin babu kowa, ki sa abin kunne ki saurara. Abin da kika ji a nan, shi za ki ji a ƙarƙashin muryar mutumin. Ki gyara shi tukuna, kada ki ɓata wa mai waƙa numfashinsa a banza.

Daga nan na shiga zargin wanda bai ji ba bai gani ba. Na ce wayar makirufo ce, na canza. Na ce makirufon ne, na aro wani daga majami'a. Na kashe fankar ɗaki na zauna ina zufa. Gunji yana nan daram. Sai wata rana ina tasha a Funtua na ga wani makanike ya dafa kan sukundireba a jikin injin mota, ya manna ƙotar a kunnensa, yana bi wuri-wuri. Na dawo gida na yi haka da kwamfuta, ina kaffa-kaffa da wayoyi. Fankar ciki tana da nata ɗan huci, amma ba ita ba ce. Da na ɗora a jikin ƙarfen da faifan ajiya ke ɗaure, sai gunjin ya shigo mini har cikin haƙori. Ke ma kada ki sayi komai, kada ki canza komai, sai kin san bakin da ƙarar ke fitowa.

Na gano mai laifi, sai kuma na yi wautar da har yau ake ba da labarinta a layin masu gyara. Lokacin cirar auduga ne, zauren gidanmu cike yake da ita har rufi, ana jiran mota. Na lura duk wanda ya shiga zauren nan muryarsa sai ta mutu, ko tafi ka yi ba ya amsawa. Na ce a raina, Ishaya, ga magani a gidanka kana yawon nema. Na samo babban kwali, na zaunar da kwamfuta a ciki, na danna auduga ta ko'ina. Ban tsaya nan ba, na buɗe murfin gefe na cusa wata a ciki, kewaye da faifan, kamar mai ɗinka matashi.

Kai, shirun da na samu ranar! Na kira mamanki na ce, "Saratu, zo ki ji." Ta ce, "Me zan ji, Malam?" Na ce, "Ai shi ke nan, babu abin ji." Ina ta taƙama, har na aika a gaya wa Inna ta shirya gobe. Ban gama cika baki ba sai na ji wani ƙauri-ƙauri, allo ya yi baƙi, komai ya tsaya. Na tura hannu cikin kwalin, zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Dukan waƙoƙin zumunta na shekaru suna ciki, da 'yan waƙoƙin Inna masu gunji, waɗanda a lokacin su kaɗai nake da su.

Da safe na ɗaure kwamfutar a bayan babur sai Funtua, wurin Malam Sabi'u mai gyara. Ya kwance murfi, ya fara zaro auduga, yana zarowa tana ƙara fitowa. Ya ajiye sukundireba ya leƙa waje ya kira maƙwabtansa su zo su gani. Ya ce, "Malam Ishaya, ka ɓata hanya ne? Wurin awon auduga yana can gaba, nan shagon gyara ne." Aka yi ta dariya, ni ma na taya su don babu yadda zan yi.

Ya tsince zaren da ya naɗe fankar, ya hure ko'ina, ya bar ta ta huce, sannan ya kunna. Ta tashi. Ban san lokacin da na ce "Na gode Allah" da ƙarfi ba, shi kuma ya ce "Alhamdu lillahi", muka tafa. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce wannan abin da suke kira hadisk, a cikinsa akwai fayafai na ƙarfe da ke juyawa da gudun tsiya, da wani ɗan hannu mai kai da komo yana karatu da rubutu. Juyawar ita ke kawo gunji, kai da komon shi ne ƙaras-ƙaras. Kuma abin da ke juyawa dole ya yi zafi, in aka toshe masa iska zai dafa kansa. Ni kuma da ƙarin wayona na ce, to me zai hana mu buɗe shi mu ɗiga masa mai, kamar yadda ake yi wa keken ɗinki? Ya riƙe hannuna ya ce, "Don girman Allah, Malam, kada ka ƙara faɗin haka ko da wasa. Ƙwayar ƙura ɗaya ta shiga ciki, an gama."

Saboda haka ki riƙe waɗannan biyun. Kada ki taɓa lulluɓe kwamfutar da bargo ko katifa ko ki kulle ta a cikin kabad don ta yi shiru, ki bar mata hanyar iska gaba da baya. Kuma duk wanda ya ce zai buɗe miki cikin faifan, ki ɗauke kayanki ki bar shagonsa. Tunda muna maganar toshe baki, ke ma na san halinki, irin nawa ne. Abu yana cin ki kina cewa ba komai. In wani abu ya dame ki a can, ki kira ni ko mamanki tun yana ƙarami, kada ki danna masa auduga. Wayata kullum tana aljihu.

Malam Sabi'u ya ce akwai sabon samfuri da ba ya juyawa sam, es-es-di, shi ba shi da murya ko kaɗan. A lokacin aljihuna bai kai can ba. Na dawo gida da kwamfuta mai rai da gunjinta, ga kuma Inna ta kwanta da tari. Wannan ne lokacin da na fi jin tsoro a duk al'amarin. Ina jin tarinta daga ɗakinta, ina jin gunjin daga nawa, ina lissafin wanda zai riga wani yin shiru. Na yi fushi da kaina ƙwarai, don da na yi abin da ya kamata tun farko da tuni waƙoƙin suna hannu.

Mamanki ce ta buɗe mini ido. Ta kawo mini koko ta ajiye a kan tebur, sai cokali ya kama rawa a cikin kofi shi kaɗai. Ta dafa teburin da tafin hannu, ta ce, "Malam, wannan tebur naka ai ganga ce. Ka ɗora abu mai rawar jiki a kan ganga, kana mamakin ƙara?" Ta kwance ɗankwalinta ta naɗa gammo, ta ce in ɗaga. Na kashe kwamfutar, na sauke ta ƙasa a kan gammon, na sake kunnawa. Rabin gunjin ya tafi nan take. Na tsaya ina kallonta baki buɗe, ta ɗauki tirenta ta ce, "A sha koko kafin ya huce."

Daga nan kaina ya fara aiki. Na tuna injin niƙan bakin kasuwa a kan tsofaffin tayoyi yake zaune, don kada ya girgiza ginin. Ashe faifan shi kansa ƙararsa kaɗan ce. Noti ne ke ɗaure shi da ƙarfe, ƙarfe ya miƙa wa akwatin, akwatin ya miƙa wa tebur, kowa yana ƙara nasa. Na ɗauko tsohuwar robar cikin tayar kekena, na yanka ta siri-siri. Na kwance notocin faifan, na ɗaura robar daga wannan gefe zuwa wancan a babban gurbin da babu komai, na saƙala shi a tsakiya yadda babu inda ya taɓa ƙarfe, kuma iskar fanka tana bi ta kansa. Murfin gefe da ke kaɗawa na sa masa 'yar roba a baki na ɗaure shi tam. Na kunna, na dafa akwatin, sai na ji shi lumui. Na leƙa in tabbatar wutar tana ci, don ban yarda tana aiki ba.

Saura ƙaras-ƙaras. Shi kuma Malam Sabi'u ya koya mini ta waya. Ya ce faifai in ya cika maƙil, ko an bar abubuwa barkatai a buɗe, ɗan hannun nan ba ya hutawa. Na kwashe hotunan biki da tarkacen da ba na buƙata, na bi yadda ya nuna mini kwamfuta ta jera kayanta wuri ɗaya, kuma in zan ɗauki murya sai in rufe komai in bar abin ɗaukar kaɗai. Ƙarar ta ragu ta koma jefi-jefi. Ragowar kuwa na yi mata maganin ƙauye. Na huda bangon da ke tsakanin ɗakina da ɗakin ajiya, na kai kwamfutar can, na zuro wayoyi ta ramin. Mamanki ta ce gammo ta ba ni shawara, ba ta ce in rushe mata gida ba. Ramin yana nan har yau, kin sha tambaya ko na ɓera ne.

Na rufe ƙofa na ɗauki ɗakin babu kowa. Na sa abin kunne. Rifkatu, na ji kurciya a kan darbejiyar ƙofar gida. Na ji akuyarmu tana tuƙa a bayan taga. Ban da su, babu komai. Na miƙe tsaye ni kaɗai a ɗaki na ɗaga hannu biyu sama, ni da furfurata.

Allah ya taimake ni tarin Inna ya lafa. Na je na durƙusa na ce, "Inna, ya koyi ladabi." Ta ce ba ta yarda da maganata ba tun ranar auduga, sai ta ji da kunnenta. Na kawo ta, na sa mata abin kunne, na kunna mata ɗakin da na ɗauka. Ta daɗe tana saurare, sannan ta ce, "Ni ban ji komai ba sai akuya."

Na ce, "Shi ne aikin, Inna."

Ta ce, "To a ɗaure akuyar a kawo mini dutse."

Da hantsi ta fara, ba ta tashi ba sai da rana ta take tsaka. Tana yi tana hutawa, mamanki na ba ta ruwa, ta sake kama dutse. Ta yi na niƙa, ta yi na daɓe tana buga ƙasa da tafin hannu, ta yi wasu da ni kaina ban taɓa ji ba, ta ce na uwarta ne. Da na kunna mata, muryarta ta fito tas, ana jin gogar dutse, ana jin inda take jan numfashi. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Yanzu ka yi aiki." Na koyar da yara shekara da shekaru, an ba ni takardun yabo, babu wadda ta kai mini wannan kalma daɗi. Ranar Lahadi na kunna wa matan zumunta, tsofaffin cikinsu suka kama amshi, 'yan matan suka ce a tura musu a waya. Yanzu har a wurin biki ina jin ana rera su, ko da ba daidai ba.

Kafin damina ta kama tarin ya dawo, kuma kin ga yadda ya bar ta. Tana nan da ranta da tsiwarta, amma muryar waƙa ta tafi, magana ma sai an matsa kusa. Mun sha da ƙyar, 'yata, amma mun sha.

Ga abin da ya rage ki sani. Reton roba na zama wuri ɗaya ne, bai dace da hanyar mota ba, shi ya sa na ciro faifan na naɗe shi daban a cikin rigar sanyinki. In kin zauna ki mai da shi yadda kika gan shi, waya biyu ce kawai, kowace ba ta shiga sai a gurbinta. Ki riƙa duba robar, zafi yana sa ta tsattsage, in ta fara ki je wurin mai faci ki karɓi wata. Kada ki ja kwamfutar ko ki buge ta tana kunne. Kada ki ɗora ta a kan tebur mai rami a ciki. In Allah ya hore miki es-es-di, ki saka ki huta, ba zan ji haushi ba, ni ma da na samu da tuni na saka.

Akwai kuma ƙara guda da ba a yi mata gammo. In kika ji faifan yana ƙwas, ƙwas, ƙwas a jere, kwamfuta tana sandarewa, ko kika ji kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, to mutuwa yake shirin yi. Kada ki tsaya neman roba. Ki kwashe abin da ke ciki zuwa wani wuri a ranar, kada ki ce sai an gama jarrabawa. Ni tun ranar auduga ban ƙara yarda da wuri ɗaya ba. Waƙoƙin Inna suna wurin Malam Sabi'u, suna cikin filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, a ƙasan akwatin mamanki, suna kuma hannunki. Naki aikin ma ki yi masa haka.

In kin haɗa komai, ki buɗe inda na rubuta sunan Inna, ki je na ƙarshe. Wannan ban tura wa kowa ba. Bayan ta gama waƙar ƙarshe na manta ban kashe ba, sai ta tambaye ni wa zai ji wannan abin in ba ta nan. Na ce Rifkatu za ta ji, da 'ya'yanta. Numfashinta ya riga ya ƙare, abin da ya rage mata raɗa ce kawai, irin wadda da gunjin nan yana nan da ya haɗiye ta ɗungurungum. Ta matso da bakinta kusa da makirufo ta ce, "Rifkatu, ni ce kakarki. Kina ji na?"

Ana jin ta, 'yata, har da ɗan murmushin da ke cikin muryar. Ki sa abin kunne ki saurara, sannan ki kira wayar mamanki a kai mata, ki ba ta amsa. Tun ranar take jira.

Allah ya kiyaye fitarki da shigarki, ya tsare ki daga mugun abokin tafiya da muguwar shawara, ya ba ki lafiya da kwanciyar rai, ya dawo mana da ke muna raye. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Ishaya.